Ekzima mai tashi duk hunturu: hifnosis da magungunan gargajiya suna aiki kuwa?

Baban Walid

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fata. Ƙanwata ce, shekarunta 22, tun tana ƙarama take fama da ƙaiƙayi a lanƙwasar gwiwar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. Likita ya ce ekzima ce. Da damina abin yakan lafa, amma da sanyi ya shigo, ko jarabawa ta matso, sai ya tashi. Tana susa har cikin barci, da safe a ga jini a zanin gado, wuraren sun yi baƙi sun yi kauri.

An gwada mayukan kemis, an yi wanka da ruwan darbejiya, an shafa man habbatus sauda da man zaitun. Makonni biyar da suka wuce aka kawo mata wani man gargajiya a roba, babu suna babu komai a jiki, kuma cikin kwana uku ya kwantar da abin. Tana shafa shi har a fuska.

Tambayoyina: na ji cewa a Turai ana amfani da hifnosis, wato sa mutum ya tattara hankali ya saki jiki ta hanyar magana, wajen irin wannan ciwo. Da gaske yana aiki? Yaya ake yinsa, kuma ya halatta? Sannan a cikin abubuwan da na lissafa, wanne za a ci gaba da shi, wanne za a bari? Allah ya saka da alheri.

Hajiya Nas

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Baban Walid, batun hifnosis zan bar wa masu shi. Ni dai abin da zan ce, kafin a kai can a tabbatar ana shafa mai yadda ya kamata, domin yawancin masu cewa magani ya ƙi ci, a nan suka samu matsala.

Yadda ka kwatanta ya yi daidai da ekzima: ta faro tun yarinta, tana zama a lanƙwasa, tana tafiya tana dawowa. Amma a duba gida. Idan akwai wasu masu susa da dare, musamman a tsakanin yatsu, wuyan hannu da cibiya, to kazuwa ta shigo, kuma maganinta daban ne, kowa da kowa a gidan ake yi wa rana ɗaya. Idan tabon zagaye ne mai gefe a tashe, makero ne. Kyasbi kuma da mutane ke kira ekzima ba shi da alaƙa da wannan. A baƙar fata ekzima ba ta cika yin ja ba, duhu take yi ko toka-toka, wani lokaci ƙananan ƙuraje a gindin gashi, shi ya sa ake raina tsananinta.

Fatar mai ekzima ba ta riƙe ruwa. A Kano ko Sakkwato da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai fatar ta bushe ta tsattsage, sabulu da ƙura da ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Don haka mai shi ne tushen magani, kuma yawansa ne mutane ba su sani ba. Babban mutum da abin ya kama jikinsa da yawa yana buƙatar wajen giram 500 a mako. A mako na ce, ba a wata ba. Idan ƙaramar robar basilin tana yi mata wata biyu, ba a fara ba tukuna. Basilin fari marar ƙamshi ya isa, man kaɗanya tsantsa ma ya yi, muddin ba a zuba masa turare ba.

Wanka sau ɗaya a rana, da ruwa mai ɗumi kaɗan, minti 5 zuwa 10. Ruwan zafi yana da daɗi a kan ƙaiƙayi, amma yana wanke ɗan maiƙon da ya rage, bayan awa ɗaya abin ya dawo da ƙarfi. A ajiye soso. A ajiye sabulun kashe ƙwayoyin cuta da ruwan da ake ɗigawa a bokiti. Sabulun salo ma da toka ake yinsa, yana busar da irin wannan fata. Sabulu mai laushi a hammata, gaba da ƙafa kawai. In ta fito kada ta goge jiki, ta dinga ɗora tawul tana ɗagawa, ta shafa mai cikin minti 3 tun da sauran danshi. A shafa ta inda gashi ya kwanta, kada a murza, don murzawa na toshe gindin gashi ya yi ƙuraje. A ɗebo da cokali mai tsabta, yatsan da ya gama susa kada ya shiga roba.

Abin da ake mantawa a wurinmu shi ne alwala. Sau biyar a rana ruwa na taɓa fuska da hannu har gwiwa, iska ta busar. Ta ajiye ƙaramar roba kusa da buta ko darduma, duk bayan alwala ta shafa. Wanki da wanke-wanke kuma da safar hannu ta roba, a sa ta auduga a ciki idan aikin zai daɗe. Humra da turare a kan kaya, ba a kan fata ba. Kuma a kula: zanin da ya sha basilin yana kama wuta da sauri ko bayan an wanke shi, don haka ta yi nesa da kaskon turaren wuta da gawayin ɗumama ɗaki.

Idan wuri ya riga ya tashi, mai kaɗai ba ya kwantar da shi, sai da man sitiroyid na likita, wato maganin shafawa mai kwantar da kumburi. Ana auna shi da yatsa: a matso daga bututun tun daga kan manuniya zuwa gaɓar farko. Wannan rabin giram ne, kuma yana isar wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu na babba. Fuska da wuya awo biyu da rabi, hannu ɗaya daga kafaɗa zuwa wuyan hannu awo uku. Mai sauƙi a fuska, mai ɗan ƙarfi a jiki, kwana 7 zuwa 14, a bar tazarar rabin awa tsakaninsa da basilin. Kuskuren da ake yi iri biyu ne. Wasu na shafa ɗan mitsitsi don tsoro, su daina da zarar ƙaiƙayi ya ragu alhali wurin bai yi laushi ba. Wasu kuma su kama mai ƙarfi su yi wata shida a kai. Ga wanda nasa ke yawan dawowa wuri ɗaya, likitoci kan sa a shafa kwana biyu a mako bayan ya warke, don kada ya tashi.

Idan aka ga ɓawo mai launin zuma yana tsatsar ruwa, ƙwayoyin cuta sun shiga. Idan kuwa ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya suka feso kwatsam, da zafi da zazzaɓi, asibiti a ranar, ba a kwana da shi.

Malam Na-Barnawa

Hajiya ta gama da tushe, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗora da ɓangaren da ya shafi tunani da ɗabi'a.

Hifnosis ba barci ba ne, kuma ba a ƙwace wa mutum hankali. Yanayi ne da mutum ke tattara hankalinsa wuri guda, jikinsa ya saki, sai maganar da ake faɗa masa ta fi shigarsa. Yana jin komai, yana iya buɗe ido ya tashi duk lokacin da ya so. Wani likitan tiyata a Manchesta, James Braid, shi ya yaɗa sunan a shekarun 1840, kuma ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfani da shi a asibiti a 1955.

Abin da ya sa ake danganta shi da fata, akwai labarin da ya yi tashe a 1952. Wani likita a Ingila, Albert Mason, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 16 hifnosis a kan wata cutar fata mai kauri da aka haife shi da ita, kuma fatar ta gyaru sosai. Masu tallar hifnosis har gobe suna kawo wannan labari. Abin da ba sa faɗa shi ne, Mason da kansa ya sake gwadawa a kan wasu masu irin cutar bai samu wannan nasara ba.

A kan ekzima, binciken da aka fi ambata shi ne na Stewart da Thomas a 1995, a Ingila: manya 18 da yara 20 waɗanda maganin asibiti bai wadatar da su ba. An samu raguwar ƙaiƙayi, susa da rashin barci. Sai dai babu rukunin da aka bari ba a yi wa ba don a kwatanta, kuma ekzima cuta ce da ke lafawa da kanta lokaci-lokaci. A kan soriyasis, wata cutar fata daban mai ɓawo, Tausk da Whitmore a Amurka sun gwada mutum 11 a 1999, kuma waɗanda suka amfana su ne masu saurin shiga yanayin. Wannan muhimmi ne, don mutane ba ɗaya ba ne: wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne ke shiga sosai, wasu kusan haka ba sa shiga ko kaɗan, sauran suna tsakiya. Yara sun fi manya saurin shiga.

Ra'ayina a taƙaice: hifnosis ba ya gyara fatar da ba ta riƙe ruwa. Abin da yake iya taɓawa shi ne damuwa, barci da hannu mai susa. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. An gwada ɗalibai a Amurka aka ga fatarsu tana jinkirin gyara kanta a lokacin jarabawa fiye da lokacin hutu, wato abin da ka gani a ƙanwarka ba camfi ba ne. Sannan kaurin nan da baƙin da ka ambata, susa ce ta yi su. Farce ya fasa fata, kumburi ya ƙaru, jijiyoyin ƙaiƙayi su ƙara tashi, a sake sosawa. Bayan shekaru hannu kan tafi da kansa ko babu ƙaiƙayi.

Saboda haka akwai hanyar da na fi ba wa ƙarfi a kan hifnosis, wato sauya ɗabi'ar susa. Azrin da Nunn suka tsara ta a 1973 don masu cizon farce da makamantansu, wani likitan fata ɗan Suwidin, Peter Norén, da abokan aikinsa suka kawo ta kan ekzima a shekarun 1980, suka nuna haɗa ta da man likita ya fi man kaɗai. Ba ta buƙatar kuɗi.

Makon farko ƙirga kawai ake yi. Ta sami carbin nan mai lamba da ake maƙalawa a yatsa, daban da na zikirinta. Duk lokacin da ta sosa, ko ta murza, ko ta goga wuya da mayafi, ko ta goga gwiwa a jikin kujera, ta danna sau ɗaya. Kada ta yi ƙoƙarin dainawa a wannan mako. Da dare ta rubuta adadin, ta rubuta kuma inda ya fi yawa. Kada ta firgita idan ta ga ɗaruruwa a rana, haka ake samu. Yawanci wuraren su ne lokacin cire kaya, bayan wanka, a ban ɗaki, lokacin karatu, da lokacin da hannu ɗaya ke riƙe da waya ɗayan yana yawo.

Daga mako na biyu, duk sa'ar da ta ji hannu zai tafi, ta dunƙule hannuwa biyu ta ajiye a cinya ta ƙirga daƙiƙa 30. Yawancin ƙaiƙayi kan ragu a wannan tazara. Idan bai ragu ba, ta danna wurin da kan farce ba tare da ja ba, ko ta ɗan mintsine shi a hankali. A wuraren da ta gano hannu na kuɓuce mata, ta shirya tun kafin ta shiga: cire kaya da sauri da hannu biyu, a shafa mai, a mayar da kaya, a bar ɗakin. Lokacin karatu ta riƙe biro a ɗaya hannun. Ana ci gaba da ƙirga, ana ci gaba da mai da maganin likita, mako 4 zuwa 6.

Inda abin ke lalacewa: a fara dunƙule hannu alhali fatar na cikin kumburi ba a shafa magani ba, wannan azabtarwa ce kawai, ba za ta jure ba. Sai kuma 'yan gida masu cewa "daina susa" sau goma a rana. Wannan na ƙara mata damuwa, ta koma susa a ɓoye. Idan aka gan ta tana yi, a miƙa mata wani abu ta riƙe ko a aike ta, ba tare da an ambaci susar ba. Ta dare kuma ba ta da iko a kai. A yanke farce a goge bakinsa, ɗaki kada ya yi zafi, bargo mai gashi kada ya taɓa fata, a sa zanin auduga a tsakani. Idan ta rana ta ragu fata ta fara warkewa, ta daren ma takan bi baya.

Idan tana son gwada hifnosis, tana iya yi wa kanta, minti 10 zuwa 15, sau biyu a rana, a zaune ba a kwance ba don kada barci ya ɗauke ta tun ba a yi komai ba. Ta kafa ido a wuri ɗaya a bango har ya yi nauyi ta rufe. Ta ja numfashi tana ƙirga huɗu, ta sake shi tana ƙirga shida, kamar sau goma. Ta bi jikinta daga goshi zuwa yatsun ƙafa tana sakin kowace gaɓa. Ta ƙirga daga goma zuwa ɗaya a hankali. Sannan ta ƙiyasta a ranta ruwan randa mai sanyi yana bin wuyanta, yana gangarowa lanƙwasar hannu, wurin yana yin sanyi yana yin laushi. Ta maimaita gajeriyar magana, misali "fatata ta yi sanyi, hannuna yana hutawa a cinyata". Kada maganar ta zama "ba zan sosa ba", domin ambaton susa na tayar da ƙaiƙayi, ko ku da kuke karanta wannan wataƙila wani ya riga ya sosa wuya. A ƙarshe ta ƙirga ɗaya zuwa biyar ta buɗe ido. Tana iya ɗaukar muryarta a waya ta dinga saurare. A ba shi mako huɗu. Idan lambar carbi ba ta motsa ba, ba ta cikin masu amfana da shi, a bar shi ba tare da an ga laifinta ba.

Wanda ke da ciwon taɓin hankali, irin mai jin muryoyi ko ganin abin da babu, ba a yi masa hifnosis. Kuma ko a Ingila doka ba ta tsara wa zai kira kansa mai hifnosis ba, kowa na iya buga kati. Don haka a nemi ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Kaduna, Kware da Maiduguri. Duk wanda ya ce a ajiye maganin likita, ko ya yi alƙawarin warkewa a zama ɗaya, a tashi a ba shi wuri.

Mai Kemis

Ranka ya daɗe Baban Walid, ni man robar nan ne ya tsaya mini a rai. Babu ganyen da aka sani yana kwantar da tsohuwar ekzima cikin kwana uku. Abin da ke yin haka sitiroyid ne mai ƙarfi. Wannan ba zato ba ne kawai. A Landan a 1999 an auna mayukan ganye na Sin guda 11 da marasa lafiya suka kawo, 8 na ɗauke da sitiroyid. A Birmingham a 2003 an auna mayukan gargajiya 24 da iyaye ke shafa wa yara masu ekzima, 20 aka samu da shi, wasu ma mafi ƙarfin ajin gaba ɗaya. Ba wuya ba ne a matse bututun kemis a cikin man kaɗanya a juya.

Mayukan kemis masu haɗi uku ma haka suke. A duba kwali, za a ga an rubuta clobetasol ko betamethasone tare da maganin fangas da na ƙwayoyin cuta. Na farkon ya fi wanda ake rubuta wa fuska ƙarfi sau ɗaruruwa. A fuska yana sirantar da fata, ya kawo ƙuraje a kewayen baki, fata ta yi haske a wasu wurare, gashi ya fito. A hammata da cinya yana kawo nankarwa mai faɗi wadda ba ta komawa. Kusa da ido yana iya ɗaga hawan ruwan ido. A kan makero kuma yana ɓoye shi ya bar shi yana yaɗuwa.

Sauran abubuwan da ka lissafa. Man zaitun a daina shafa shi a wurin ciwon. A Jami'ar Sheffield an gwada shi a hannun manya na tsawon makonni, aka ga yana raunana saman fata har ya kawo ja, alhali man 'ya'yan furen rana bai yi haka ba. Man kwakwa tsantsa wanda ba a tace da zafi ba ya fi shi hujja: a Filifin a 2014 an gwada yara 117 na mako takwas, waɗanda aka shafa wa man kwakwa tsananin ciwonsu ya ragu da kusan kashi 68, na man ma'adini kusan kashi 38. Man habbatus sauda tsantsa yana da zafi, kuma an samu mutanen da fatarsu ta yi bori da shi. Darbejiya na busarwa, man ta kuma haɗari ne idan yaro ya sha. Duk sabon abu a gwada shi tukuna a cikin hannu, wuri kamar faɗin kwabo, sau biyu a rana har mako guda. Borin shafawa yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ya fito, don haka gwajin awa ɗaya bai nuna komai ba. Baƙin lalle na zamani da rinin gashi kuma ta ƙaurace musu, sinadarin da ke sa su baƙi yana cikin waɗanda suka fi ƙona fata.

Ƙwayoyin sha masu tsada da ake tallatawa, irin man furen magariba (evening primrose) da ƙwayoyin gyaran hanji, an tattara gwaje-gwaje da dama a kansu a 2013 da 2018 ba a ga wani bambanci mai ma'ana ba. Jiƙo da garin da ba a san haɗinsu ba kuwa, a Ingila an samu waɗanda ƙodarsu ta mutu bayan shan ganyen Sin don ekzima. Piriton barci kawai yake sawa, ba ya taɓa ƙaiƙayin ekzima, domin ba sinadarin da yake tarewa ne ke kawo shi ba. Ƙaho da tsaga kada su kusanci wurin da ya tashi. Hana ƙwai, madara, gyaɗa da kifi gaba ɗaya ba tare da an ga wani abinci na tayar da abin a fili ba, yunwa ce kawai aka ƙara mata.

Ba wai ganye duka banza ba ne. A Taiwan an yi man shafawa da shuɗin baba, an gwada a kan masu soriyasis ya yi aiki a 2008. Amma tacacce ne aka auna, kuma soriyasis ce ba ekzima ba. Kada wani ya je marina ya ɗebo ruwan karofi, akwai toka a ciki.

Za ka kuma ji batun wanka da ruwan da aka sa wa ɗan bilic na wanki ga masu yawan samun ƙwayoyin cuta a ciwon. Ma'aunin shi ne mililita 12 na bilic marar ƙamshi mai ƙarfin kashi 4 a ruwa lita 10, sau biyu a mako, minti 5 zuwa 10, a ɗauraye, a shafa mai. A auna da sirinji, ba da murfin kwalba ba. Da aka tattara gwaje-gwajen a 2017 ba a ga ya fi wankan ruwa zalla da yawa ba, don haka sai idan likita ya sa.

Almajiri

Game da halacci, ga abin da ya kamata a sani. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta abin da ake kira tanwimul magnaɗisi, wato hifnosis da Larabci, kuma a fatawar sun siffanta shi da cewa mai yinsa na amfani da aljani ya mallaki mutum har ya ba da labarin abin da ke ɓoye. Wasu malamai sun bambanta wannan da abin da likitoci ke yi na sakin jiki da tattara hankali. Tunda akwai saɓani, a kai wa malamin da aka amince da shi bayanin matakan kamar yadda Malam Na-Barnawa ya jero su, ba sunan kaɗai ba. Kuma idan namiji ne zai yi mata, kada a bar su su kaɗai a ɗaki. Ƙirga da dunƙule hannu kam babu shubuha a ciki.

Baban Walid

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Hajiya, man robar nan fa, a jefar da shi yau ne? Na ji tsoro da bayanin Mai Kemis.

Hajiya Nas

Kada a jefar, a tafi da shi wurin likita. A fuska, wuya da hammata ta daina daga yau. Tunda ta yi mako biyar a kai, ka shirya mata zuciya: cikin kwanaki kaɗan fuskar na iya yin zafi kamar ƙuna, ta kumbura, ta yi ɓawo, har ta fi da muni. Janyewar maganin ce ke kawo haka, kuma a nan ne mutane ke komawa su sake saye. Tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan sanyi a ɗora minti 10, a bi da basilin, sau uku ko huɗu a rana. Kada a wuce wannan mako ba a ga likitan fata ba, don shi zai sauya mata da wanda aka san ƙarfinsa ya rage shi mataki-mataki, ko ya ba ta man fuska marar sitiroyid. Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika duk suna da sashen fata, sai a nemi takardar turawa daga likitan da ya fara ganinta.

Ku tafi da duk bututu da robobin da ta shafa a shekarar nan, ko da sun ƙare, da ranar da ta fara wannan na ƙarshen. Ta ɗauki hoton wuraren yau da rana a bakin taga, ta sake ɗauka duk mako a wuri ɗaya da haske ɗaya. Ƙirgar carbi ta fara gobe da safe, amma dunƙule hannu ta jira sai likita ya ba ta magani kumburin ya fara sauka.